Wutsiyar Maganar Mahamman

Sunan Kawu Agali na fara jinsa ne a tashar Dakoro, ina ƙarama, ina riƙe da gefen zanen mahaifiyata. Wani mai shayi ya hango ta ya ce, "Rabi'atu, ina labarin ƙanenki Agali Saura-Ɗaya?" Na daɗe ina zaton Saura-Ɗaya sunan kakanmu ne. Sai da na yi wayo Inna ta warware mini tana dariya. Ashe a shekarun da ya yi karen mota a layin Maraɗi, ko fasinja biyu ne kacal a ciki, Agali zai dafa ƙofa ya ce saura ɗaya mota ta tashi. Mutane su shiga su yi ta zufa har azahar, suna tsine masa, shi kuwa yana nan yana kiran ɗayan nan da ba ya ƙarewa.

Akwai abin da zan ajiye tun a nan gaba: gonar waken Isufu ta Sabon Maci ba ta tsira ba, kuma Hamid makiyayi yana ɗauke da tabo a goshi har yau. Dalilin da ya sa na fara da wannan zai zo a wurinsa.

An haifi Agali a wajen Tagriss, cikin dabbobi. Mahaifinsa ya rasu da wuri, sai ƙanen uban, Baba Intalla, ya ɗauke shi. Amma yaron ba shi da idon kiwo. Akuya za ta ɓace yana zaune yana kwance cikin tocilan. Intalla ya gaji, ya kawo shi gari wurin yayarsa Goggo Kadija, ya ce a sa shi lekol, wato makarantar boko, ko Allah zai sa ya yi amfani a can. Ya yi karatu har tsakiyar kwaleji, ya tsallake ya faɗa tasha. Daga tasha ya koma gyaran salula a bakin kasuwa, daga nan wani mai gidan intanet a Maraɗi ya ɗauke shi gadi da shara. A can ne, in masu shago sun tafi cin abinci, ya koyi karanta rubutun da injuna ke bi. Ba wanda ya zaunar da shi. Ya yi ta tambayar mutanen da bai taɓa gani ba, suna ba shi amsa daga ƙasashen da bai san inda suke ba.

Da wani furoje, wato shirin tallafi, ya zo ya kafa wa ƙungiyar makiyaya akwatunan magana a rijiyoyi, Agali aka kira ya riƙe musu tsani. Da furoje ya naɗe kayansa ya tafi, shi aka bar wa aikin duka.

Abin ba shi da wuyar ganewa. A kowace rijiya, can inda salula ba ta samun rezo balle a yi kira, an dasa ƙarfe, a kansa faranti mai cin hasken rana, da batir, da ƙaho. A biron ƙungiya, wato ofishinta cikin Dakoro, akwai mikro da wani tsohon ordinato, wato kwamfuta. In an danna mikro an yi magana, inji ya yanka muryar ƙulli-ƙulli, ya rarraba wa rijiyoyi, ƙahoni su faɗa. Akwatunan ba su da kunne, baki kawai gare su. Manhajar da ke rabon ƙullin nan irin wadda ba ta da kwado ce: kowa na iya buɗe cikinta ya karanta, ya gyara, ya mayar wa jama'a gyaran. An yi ta ne domin manyan injunan birane masu wuce da miliyoyin ƙulli kafin ƙiftawar ido. A Dakoro kuwa sai ta zama kamar ingarman da aka ɗaura wa amalanken ruwa.

Mai sanarwa ita ce Goggo Kadija. Ita kuwa ba ta san a faɗi magana tsirara ba. Ko farashin gishirin dabbobi za ta faɗa, sai ta gaida kowa da gajiya, da iyali, da garke, in ta gama ta bi da addu'a, a gaida gida, a gaida masu jiki, Allah shi kai mu.

Tun watannin farko makiyaya suka fara wata raha. Suka ce akwatin yana da aljani mai baibai, yana ban kwana kafin ya yi sallama. Sanarwa za ta fara da "a gaida gida, Allah shi kai mu," sannan a ji "salamu alaikum." Agali ya ji, ya yi dariya tare da su. Ya taɓa gwadawa sau ɗaya a biro, magana ta fito cif, ya ce ƙila iska ce ke wasa da eriya. Ya bar zancen.

Kaka ta zo. Kowa a ƙasar nan ya san nauyin ranar sakin gonaki. Kafin ranar, dabbar da ta taka gona ta taka wuta. Bayan ranar, kara da harawa na kowa ne. A shekarar, damina ta yi jinkiri a kudu, waken Sabon Maci bai bushe da wuri ba, sai aka yanke a saki ko'ina a bar can tukuna. Ranar da za a faɗa, Goggo ta tafi bikin suna a Korahane. Sakataren ƙungiya, Mahamman, shi ya ɗauki mikro. Tsohon jandarma ne, mai maganar da ba ta da kai ba ta da gindi, sai tsoka. Ya danna ya ce, "An saki gonaki daga yau, ban da Sabon Maci." Ya saki maɓalli ya koma kan kujerarsa.

Kwana biyu bayan haka, da hantsi, Agali na goge ƙurar bayan inji, sai Yazidu ya leƙo. Yazidu direba ne, tare suka yi tasha.

"Saura-Ɗaya, ashe yanzu kai ka ke sakin gonaki?"

"Mi kuma ka kwaso, uban ƴan gudu?"

"Na biyo ta rijiyoyin arewa jiya. Kowa ya naɗe tabarma, an yi kudu. Sun ce akwati ya ce an saki. Ni kuwa na ga waken Sabon Maci da idona, ko rabin roro ba a yi ba."

Mahamman ya ɗago kai. "Na ce ban da Sabon Maci."

"Ba su ji wannan ba, ranka shi daɗe."

"Da bakina na hwaɗa."

"To bakinka ya hwaɗa, ƙaho bai hwaɗa ba. Mutum huɗu na tambaya."

Agali ya ajiye tsumma. "Baba Intalla fa?"

"Shi ne a gaba, ka san shi da sammako. Yau da rana yana Rijiyar Baushe. In sunka sha, sunka huta, da la'asar sai su miƙe."

Rijiyar Baushe ita ce ta ƙarshe mai akwati. Daga can babu komai sai burtali, sai gonakin wake. Agali ya san abin da ke faruwa in garken raƙuma da tumaki ya faɗa gonar da ba a kwashe ba a gaban mai ita. Ba a tsayawa tambayar wa ya ce, wa bai ce ba. Kuma ya san Intalla, dattijon da ya goya shi a kan raƙumi, ba ya ja da baya in yana ganin yana da gaskiya.

Mahamman ya riga ya kai hannu ga mikro.

"Dakata, Baba Mahamman, bari in..."

Ina, tsohon jandarma ya danna. Akwai wani akwati na gwaji a kan kanta, wanda inji ke aika wa duk abin da ya aika wa rijiyoyi, amma an cire wayar ƙahonsa saboda yana maimaita magana yana rikita mai sanarwa. Agali ya yi tsalle ya soka wayar. Mahamman ya ce, "Kada kowa shi shiga gonaki sai an sake sanarwa gobe." Ya saki.

Ƙahon kan kanta ya yi tari, ya buɗe baki da muryar Mahamman, garau:

"Ban da Sabon Maci kada kowa shi shiga gonaki sai an..."

Shiru.

Su uku suka tsaya suna kallon akwatin. Wutsiyar maganar shekaranjiya ta fito yau, ta manne a goshin sabuwa, ta juya ta. Abin da rijiyoyi suka ji yanzu shi ne, ko'ina a rufe yake, Sabon Maci ce kaɗai a buɗe.

"Innalillahi," in ji Yazidu, a hankali.

Mahamman ya sake ɗaga mikro. Agali ya riƙe masa hannu, abin da bai taɓa yi wa babba ba. Ya zare wayar mikro ya naɗe a aljihu.

"Ka yi haƙuri, Baba. Ba wanda zai sake magana sai na san abin da ke cikin cikinta. Ban san mi take haɗiyewa ba, ban san mi za ta amayo ba. In munka sake, ƙila ta ukun ta hi muni."

"To mu zauna mu naɗe hannu?"

"Yazidu, ari moto ka tahi Sabon Maci wurin mai gari. Ka ce masa kuskure ne daga nan, a riƙe samari."

"Yashi ne hanyar. Ba ni isa sai rana ta hwaɗi."

"Tahi dai."

Da ƙarar babur ɗin ta yi nisa, Agali ya zauna gaban inji. Ya rufe hanyar rijiyoyi, ya bar ta akwatin kanta kaɗai. Ya mayar da mikro, ya ƙirga daga ɗaya zuwa goma. Ƙaho ya fara da "sake sanarwa gobe," sannan ya ƙirga har bakwai ya tsaya. Ya sake. Wannan karon ya fara da takwas, tara, goma, ya kai tara ya tsaya. Karo na uku, bayan ya amayo goman da ta saura, ya cike ƙirgar duka, kamar bai taɓa laifi ba. Irin wannan sa'ar ce ta yaudare shi a wancan gwajin na farko.

Ya fara bin zargi ɗaya bayan ɗaya. Ba eriya ba ce, domin akwatin kanta da waya aka haɗa shi. Ba batir ba ne, rana na tsaka. Ya zargi maɓallin mikro, ko yana sakin magana kafin baki ya rufe. Ya naɗi muryar a daidai ƙofar shigarta inji, ya saurara: goma cif. To ɓarakar tana tsakanin ƙofar shiga da ta fita, cikin manhajar da yake taƙama da ita.

Mahamman yana kai da komowa a bayansa, hannuwa a baya. "Kashe ta ka kunna. Haka muke yi wa rediyon barikinmu."

"In na kashe ta, za ta manta abin da ta riƙe, amma halinta na nan. Gobe ta sake cin wani."

"Gobe ta Allah ce. Ni la'asar nike ji."

Agali ya matsa kusa da inji. Ya buɗe ma'aunin da ke nuna ƙulli nawa suka shiga, nawa suka fita. Ya yi magana gajere, ya duba. Ya yi doguwa, ya duba. Na shiga ba su da tsari, yadda magana ta zo. Na fita kuwa, sittin da huɗu, casa'in da shida, ɗari da sittin. Ya daɗe yana kallonsu kafin ya ga abin da ya haɗa su. Duk ninkin talatin da biyu ne. Ba a taɓa fitar da ko ɗaya a kan haka ba.

Aka kira azahar. Ya yi salla a gefen tebur, zuciyarsa rabi tana Rijiyar Baushe, inda yanzu ake jan guga, raƙuma na layi a kwamin shan ruwa. Yana sallamewa ya buɗe rubutun manhajar, ya nemi talatin da biyu. Ya same shi. An rubuta cewa a tara ƙulli har su kai haka, sannan a tura su tare, domin jigila ɗaya-ɗaya ɓata lokaci ce ga inji mai sauri.

Sai ya ji kansa ya ce, "Sai ta cika."

"Mi ka ce?"

"Mota ce, Baba. Kujera talatin da biyu. Ba ta tashi sai ta cika. In magana ta ƙare mota ba ta cika ba, waɗanda sunka shiga na ƙarshe su kwana a tasha. Sai wata magana ta zo ta cike ta, su tahi a gaba."

"Waɗanda sunka ƙera ta ba su san da haka ba?"

"Sun sani. Dole akwai mai agogo, wanda zai ce in an daɗe ba kowa, ta tashi hakanan."

Akwai shi kuwa. Layi uku ne, a ƙasa kaɗan. Agali ya karanta su, babu aibi. Ya sake karantawa, babu aibi. Ya san irin wannan makanta, ido na kan abu ba ya ganinsa. Ya daina karanta layukan, ya sa yatsa a kan gilashi ya bi hanyar kamar shi ne injin: duba ƙofa, akwai sabon ƙulli? In akwai, shigar da shi mota, mai da agogo farko, wuce wurin mai agogo. In babu... yatsansa ya tsaya. In babu, an ce koma sama ka sake duba ƙofa. Ba a wucewa ƙasa ko kaɗan.

An zaunar da mai agogo a wurin da ba a zuwa sai sabon fasinja ya shigo, kuma duk sabon fasinja yana mai da agogo farko. Duk lokacin da aka tambaye shi, sai ya ce yanzun nan wani ya zo, a ƙara jira. Lokacin da tasha ta yi tsit kuwa, ba mai tambayarsa. A biranen da aka yi manhajar dominsu tasha ba ta taɓa yin tsit ba, mota na cika kafin a rufe ƙofar wata. Sai a layi irin na Dakoro, inda ake magana sau ɗaya a yi kwana biyu shiru.

"Na gan ta," in ji shi.

"To gyara."

Ya ɗauke layukan nan uku ya mayar da su sama, gaban wurin da ake cewa koma. Aikin minti ɗaya. Amma rubutu ba ya aiki sai inji ya sake ƙera manhajar daga gare shi, tsohon ordinaton nan kuwa tafiyar hawainiya gare shi. Ya sa shi aiki. Rubutu ya yi ta gangarowa. Inuwar bishiyar dogon yaro ta ƙofar biro ta fara miƙewa gabas. Can sai inji ya tsaya ya fito da jan rubutu. Garin sauri Agali ya bar wata ƙaramar alamar rubutu, bakar rufewa, a tsohon wurin.

Ya dafe kai. Agali ya goge bakar, ya sake sawa daga farko. Ya dubi yadda take tafiya, ya dubi inuwa. Ba za ta gama kafin la'asar ba. Ko ta gama, facin nan, wato gyaran, da ba a gwada ba yana iya rufe bakin rijiyoyin duka.

Ana cikin haka aka yi sallama. Goggo Kadija ce, saukarta ke nan daga motar Korahane, da ƙullin goron suna a hannu.

"Salamu alaikum masu biro. Ina wuninku, ina gajiya? Mahamman, yaya iyali, yaya ƙafar nan taka? Mai jego na gaishe ku, yarinya ta ci sunan..."

"Hajiya, don Allah, ba lokacin gaisuwa ba ne."

"Yo akwai lokacin da ba na gaisuwa ba? Kai dai tun da ka sa kaki aka wanke maka ladabi."

Agali ya juyo a hankali yana kallonta. Wata da watanni manhajar nan tana cin wutsiyar kowace sanarwa. Ba ta fasa ko sau ɗaya don tausayi ba. Abin da ya sa ba a yi asara ba, wutsiyar kullum "a gaida gida" ce. Goggo ce ke cika motar da addu'o'i, ainihin saƙo ya riga ya wuce.

Ya tashi ya kamo hannunta ya zaunar da ita gaban mikro. A gurguje ya gaya mata abin da ya faru. Goron ya zame daga cinyarta, ba ta duba ba.

"Intalla na Baushe yanzu?"

"Yana can, in ba su tashi ba. Goggo, ki fara da gaisuwa mai tsawo, domin akwai guntun maganar Baba Mahamman da har yanzu ke maƙale a hanyar rijiyoyi, zai fito a gaba. Ki hwaɗi zancen a tsakiya, sau uku. In kin gama kada ki saki, ki yi ta ban kwana har sai na ɗaga miki hannu."

"Yau ni za a koya wa ban kwana."

"Kuma sun ji sau biyu cewa a buɗe take. Sai kin sa Baba Intalla ya yarda ke ce, ba aljanin akwati ba."

Ya buɗe hanyar rijiyoyi. Goggo ta gyara mayafi, ta danna. Ta gaida mutanen rijiyoyi da rana, da jan ruwa, da garke. Sannan ta ce, "Intalla, ni ce Kadija, wadda ka jefa wa takalmi a rijiya ka ce kura ce ta ɗauka. Ka saurare ni. Ba a saki Sabon Maci ba. Akwati ne ya yanke maganar Mahamman. Waken mutane na kwance. Kowa shi tsaya inda yake." Ta maimaita, ta sake maimaitawa da Buzanci. Sannan ta shiga addu'a. Ta roƙa wa masu rai, ta roƙa wa matattu, ta gaida mata da yara, ta gaida masu jiki, har Agali ya ga a ma'auni cewa motar da ke ɗauke da zancen ta tashi, wasu biyu sun bi bayanta. Ya ɗaga hannu.

Daga nan babu abin yi. Ma'auni ya nuna ƙulli sun isa akwatin Baushe, amma ba ya nuna ko akwai mutum a gindinsa. Aka kira la'asar. Goggo ta tsince goronta ɗaya-ɗaya. Mahamman ya zauna a dokin ƙofa yana kallon hanya, ko da yake ya san ba ta nan labari zai zo da wuri ba.

Rana ta yi sanyi sannan inji ya gama. Agali ya ɗora sabuwar manhajar a kan akwatin kanta kaɗai. Ya ƙirga goma, ƙaho ya kai goma. Ya sake, ya sake, har bakinsa ya bushe. A ƙarshe ya danna ya ce, "Ɗaya," ya saki. Ƙaho ya ce, "Ɗaya." Mota ta tashi da fasinja guda. Sannan ya kashe tsohuwar ya ɗora wa rijiyoyi sabuwar, ya zauna yana kallon fitilunsu suna dawowa kore, har ta Baushe, wadda ta fi daɗewa.

Washegari da hantsi Yazidu ya dawo, fari fat da yashi. Ya sha ruwa kafin ya yi magana, su kuwa suna tsaye a kansa.

Ga labarin da ya kawo: Intalla ya ji. An riga an ɗaura kaya, raƙuman gaba sun miƙe, sai ƙaho ya ce "sake sanarwa gobe," ya bi da sallama. Dattijon ya tsaya da akala a hannu har aka zo kan takalmi. Ya sa aka durƙusar da raƙuma, ya tura mahaya su tare sauran garkunan da ke burtali. Amma wani makiyayi mai suna Hamid ya shayar tun da hantsi ya wuce, bai ji komai ba sai sanarwa biyu na farko. Da magariba tumakinsa suka shiga gonar wani manomi, Isufu. Isufu ya fito da sanda. Kafin Yazidu da mai gari su iso, jini ya rufe wa Hamid ido, samari sun fara fitowa daga gari da abin da hannunsu ya samu. Sai ga Intalla a kan raƙumi, ya biyo sawun tumakin. Ya sauka, ya ajiye takobinsa a ƙasa a gaban mai gari, ya shiga gonar da kansa yana koro dabbobi. Abin ya tsaya a nan. Waken dai ya tafi.

Bayan kwanaki Intalla ya shigo gari. Ya tsaya a ƙofar biro, bai shiga ba, ya daɗe yana kallon injin.

"Wannan ne ya yi mini ƙarya sau biyu?"

"Shi ne, Baba. Na gyara shi."

"Akuya ta gagare ka, ƙarfe ma sai da ya kusa." Ya juya wurin Goggo. "Ke kuma, a gaban rijiyoyi bakwai za ki tona ni? Kura ce ta ɗauki takalmin nan."

Agali ya je Sabon Maci da ƙafarsa, ya sami Isufu yana tattara abin da ya saura na harawa. Ya gaya masa cewa an daɗe ana ba shi labarin akwati mai baibai, shi kuwa ya ɗauke shi abin dariya. Isufu ya saurara har ƙarshe. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Ya miƙa masa igiya, suka ɗaure harawa tare har rana ta yi zafi.

Sauran aikin shi ne mayar da facin ga masu manhajar, domin kada wani mai layi shiru irin namu ya faɗa ramin a wata ƙasa. Lokacin ina hutun lise, wato babbar sakandare, sai ya kira ni in duba masa Ingilishin saƙon. Amsa ta zo daga wani da bai sani ba, yana cewa ya gwada a injinsa bai ga matsalar ba, yaya ake tayar da ita? Agali ya ce in rubuta masa: ka aika ƙulli biyar, ka cire hannunka, ka jira. Mutumin ya dawo ya ce ya gani. Wata kuma ta ce a gyara tsarin layukan, a ƙara gwajin da zai kama abin in ya sake dawowa. Aka yi ta kai da komo har sau uku kafin su karɓa. Mahamman kuwa har yau in zai yi sanarwa sai ya ƙare da "a gaida gida," a murtuke, ko da yake an gaya masa yanzu babu bukata.

Ranar da aka karɓi facin, ina tattara littattafaina, na ce masa wata rana zan rubuta wannan labari. Ya naɗe wayar mikro a yatsa. Sannan ya ce, "Na san yadda za a riƙa ba da shi. Za a ce kowa ya tsira. In za ki rubuta, ɗiyata, ki sa gonar Isufu da goshin Hamid. Kuma kada ki bar su a wutsiya. Ki sa su a gaba, inda ba abin da zai haɗiye su."